Dutsen Da Aka Sauya Wa Jaka

Masu karatu, kafin wani ya sake turo min saƙo yana cewa na cika zafin rai, don Allah ku zauna ku ji abin da ya same ni a wannan makon, sannan ku yanke min hukunci.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni: ni ce auta a gidanmu, shekaruna ashirin da shida, ina digiri na biyu a sashen ilimin duwatsu. Aikina gano shekarun dutse. E, dutse yana da shekaru, kuma ana ƙirga su. Umma ta ce tun da aka kafa zuriyarmu ba a taɓa yin karatu marar kan gado irin nawa ba. Kullum maganarta ɗaya ce: "Kina iya faɗin ranar da aka haifi dutse, amma kin kasa faɗa mana ranar da za ki bar ɗakin nan."

Bari in ɗan yi muku bayani, don in ba haka ba ba za ku gane dalilin da ya sa na kusa shiɗewa a kan wata jaka shuɗiya ba.

Ƙasar nan da muke takawa ba a dunƙule aka same ta ba. Guntu-guntu ce. Akwai tsohuwar nahiya da ta daɗe a zaune, sai wani guntun ɓawon ƙasa ya taso daga gabas, a hankali a hankali, ya zo ya manne da ita. Inda suka haɗu muna kiransa ɗinki. Bayan sun manne, narkakken dutse ya taso daga ƙasa ya cike ɗinkin ya daskare, kamar yadda magini yake liƙe tsagar bango da siminti. In ka san shekarun wannan simintin, ka san lokacin da aka haɗu. A cikin irin wannan dutsen akwai wasu ƙwayoyi da ake kira zarkon, ba su kai ƙwayar yashi ba. Ranar da ƙwayar ta daskare takan kulle wani sinadari mai suna yuraniyam a cikinta, shi kuma yana ta rikiɗewa yana zama dalma. Ka auna wannan, ka auna wancan, shekaru su fito. Shi ke nan karatun nawa.

Farfesan da yake duba aikina ya yi shekara ashirin da biyu yana cewa an yi wannan haɗuwa shekara miliyan ɗari bakwai da hamsin da suka wuce. Duk sauran masana sun ce a'a, wajen ɗari biyar da tamanin ne. A taro har dariya ake masa a bayan ido. Shi ya tura ni in ɗebo duwatsun da za su raba gardama.

Wata huɗu da suka wuce na je. Kwana tara ina hawa da sauka da guduma, takalmina ya ɓare, fuskata ta yi baƙi har Umma ta ce kada in fito in baƙi sun zo. Jaka takwas na ɗebo, kowace da dutse guda. Ta ɗaya zuwa ta huɗu daga jikin guntun gabas ne, ta biyar zuwa ta takwas daga kan ɗinkin kansa. A ido duk kamarsu ɗaya, ruwan toka da ɗan ja-ja. Ƙa'ida ita ce ka rubuta lamba a jikin dutsen, amma ruwan sama aka yi ta yi, duwatsun a jiƙe, alƙalamin ya ƙi kamawa. Sai na rubuta a jikin jakunkuna kawai, na ɗauki hoton kowane dutse a gefen jakarsa. Wannan laifina ne, ban ɓoye muku ba.

Na dawo na tarar ma'ajiyar sashenmu a kulle, mai makullin ya yi tafiya. Dole na kai su gida, na jera a bayan doguwar kujerar falo. Umma ta yi ta mita wai na mayar mata da falo wajen fasa dutse.

A nan Mai Tabarau ya shigo. Haka na rubuta sunansa a wayata, don likitan ido ne, yana da shagon gwajin ido da sayar da tabarau a kan babban titi. Shekara guda yana nemana. Mutum ne mai sanyi, mai guga, rigarsa ko layi ɗaya ba ta karkacewa, in ya zauna sai ya gyara wandonsa a gwiwa. Umma tana sonsa kamar ita ta haife shi, tun ranar da ya canza mata tabarau ta koma zura zare a allura da kanta. Ni kam ina ta ja masa rai, ina cewa sai na gama karatu.

Ranar da aka buɗe ma'ajiya ina makaranta, ya kira ya ce in bari shi zai kawo min su da motarsa. Da ya buɗe bayan motar sai na ga duwatsuna cikin sababbin jakunkuna shuɗaye masu zif, kowace da lambarta da kyakkyawan rubutunsa na likita mai natsuwa.

Na ce, "Ina jakunkunana?"

Ya ce, "Sun yage, ranki ya daɗe. Na sauya miki."

"Ɗaya bayan ɗaya ka sauya?"

Ya ɗan gyara tabaransa. "Ɗaya bayan ɗaya."

Masu karatu, kada ku yi min dariya. Wasu da turare ake sace zuciyarsu, wasu da waya, ni da jakar dutse aka sace tawa. A raina na ce mutumin da zai zauna ya rubuta wa duwatsuna lamba ai ya san darajar abin da nake yi. A ranar da yamma na ce wa Umma to, mutanensa su zo a gaisa. Har rawa ta taka a kicin da ludayi a hannu.

Daga nan na shiga wahala. Na fasa dutse, na niƙa, na tankaɗe, na wanke, na zauna a gaban madubin lab mai ƙara girman abu ina tsince zarkon ɗaya-ɗaya da bakin allura har idona yana ganin biyu-biyu. Sati shida. Na'urar da take awon kuwa guda ɗaya ce, layinta wata bakwai na yi ina jira tun kafin in je ɗebo duwatsun, kuma kwana biyu kacal aka ba ni. Kwana biyu ba sa isar jaka takwas, don haka na zaɓi wadda na fi yarda da ita, jaka ta bakwai, daga tsakiyar ɗinki.

Lambar da ta fito a allo: miliyan ɗari bakwai da hamsin da biyu.

Farfesa ya zo da kansa ya tsaya a bayana. Ya ƙura wa allon ido. Sai na ga ya ciro hankici yana goge ido. Tsoho mai furfura, wanda ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Ya ce, "'Yata, kin wanke ni." Ya ce za mu tura aikin babban taron masana, sunana a gaba, nasa a baya, kuma zai rubuta wa wani abokinsa a waje ya ba ni gurbin digiri na uku. Sati biyu na yi ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

To, sai Talatar nan.

Matar da take kula da na'urar, muna kiranta Anti Mai Na'ura, ta ce in haɗa hoton kowane dutse da ragowarsa kafin a mayar ma'ajiya, don za a sa hoton na bakwai a cikin takardar da za mu tura taron. Mace ce da ba ta wasa da ƙa'ida, ko Farfesa bai isa ya shiga ɗakinta da kofin shayi ba. Na zuge jaka ta bakwai na ciro rabin dutsen da ya rage. Akwai wata farar jijiya da ta ratsa shi a karkace, kaurin ɗan yatsa. Na buɗe waya na nemo hoton na bakwai. Babu jijiya. Na ƙara girman hoton. Babu. Na koma baya, na shida, na biyar, na huɗu. A hoto na uku na gan ta, fara sol, a karkace, a gefen tsohuwar jakata mai lamba uku da rubutun hannuna.

Na zauna a kan kujerar ƙarfe ban san na zauna ba.

Anti ta leƙo ta saman tabaranta. "Ke lafiya?"

Na miƙa mata dutsen da wayar. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta sake dubawa. Ta ajiye su a hankali kamar masu fashewa.

"Na uku daga ina yake?"

"Daga jikin guntun gabas."

"Wato ba ɗinkin kika auna ba."

"Ba shi ba ne, Anti."

Kun gane? Shekarun guntun kansa na auna, wanda kowa ya san ya girmi haɗuwar. Kamar a aike ka ka tambayo yaushe aka yi aure, ka dawo da ranar haihuwar amarya. Lambar gaskiya ce, amma ba amsar tambayar ba ce.

Muka zazzage sauran jakunkunan a kan tebur. A hotuna duwatsun duk laka ce a jikinsu, waɗanda ke gabana kuwa tas suke, har ƙyalli suke yi. A da na ɗauka Mai Tabarau ne ya goge su. Uku kawai muka iya ganewa da tabbaci, kuma duka ukun ba a jakarsu suke ba. Sauran biyar sai dai canke.

Anti ta ce, "Dutsen da aka yi canke a kansa ba ya shiga na'urata. Sai kin koma kin ɗebo sabo."

"Layin fa?"

"Yanzu ya kai wata tara."

Na fita baranda na rubuta masa saƙo.

"Jakunkunan nan, ɗaya bayan ɗaya ka sauya?"

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Sai ga amsa:

"Kin ci abinci kuwa?"

Wallahi da yana gabana da ban san abin da zan yi ba. Na rubuta, "Amsa min."

"Ina da mutum a kan kujera. Zan zo gida da yamma in yi miki bayani."

Bayani. Mutumin da ya yi ɗaya bayan ɗaya ba ya buƙatar bayani.

Na isa gida na tarar falo a hargitse. An sauke tsofaffin labule, sababbi ruwan zuma suna shimfiɗe a kan kujera, Umma tana tsaye a kan tebur da kanta tana zura ƙarfe, ɗankwalinta ya zame. Ranar Asabar ne gwaggonninsa biyu da kawunsa za su zo. A kan gadona ta ajiye min doguwar riga ruwan ƙasa mai aikin zare a wuya, da mayafai guda biyu in zaɓa.

"Yauwa Auta, riƙe min nan."

Ban riƙe ba. Na ce, "Umma, ranar da aka ɗauki duwatsuna daga bayan kujerar nan, me ya faru?"

Ba ta juyo ba. "Me zai faru? An ɗauka an kai miki."

"Wa ya fitar da su daga jaka?"

Ta sauko tana gyara ɗankwali. "To, ni ce. Sai me? Jakunkunan nan laka ce ta bushe a jikinsu, sun ɓata min kafet, har wari suke. Na zazzage su a tsakar gida na wanke miki su tas da burushi da sabulu. Jakunkunan kuma na zubar, ko almajiri ba zai amfana da su ba. Maimakon ki gode."

"Duka takwas ɗin kika haɗa wuri ɗaya?"

"A baho ɗaya. Ruwa nawa kike so in ɓata?"

Na dafe kaina da hannu biyu. "Umma, kin san abin da kika yi kuwa? Shekarata biyu kika zuba a bahon nan."

"Ke, kada ki ɗaga min murya a kan tsakuwa. Dutse ai dutse ne. Yaron kirki ya zo ya tarar da su suna shan iska, ya tambayi jaka na ce na zubar, na ga duk ya rikice. Na ce masa ya je ya sayo sababbi ya zuba, kada ya tayar miki da hankali kina fama da karatu. Ni na hana shi faɗa. In laifi ne nawa ne."

Abin da ya fi ƙona min rai, masu karatu, ko a jikinta. Ta ɗauki labule ta ci gaba da neman bakinsa.

Bayan la'asar Mai Tabarau ya zo. Ban bari ya shiga falo ba, a ƙofar gida muka tsaya, gefen motarsa. Yana sanye da farar riga mai dogon hannu, ya riƙo leda da lemo mai sanyi a ciki, kamar lemo zai gyara wani abu. Ya yi tsuru-tsuru.

Na ce, "Umma ta faɗa min. Ina so in ji daga bakinka. Yaya aka yi ka san wanne ne na bakwai?"

Ya sosa ƙeya. "Na tambayi Umma yadda suke a jere a bayan kujera. Ta ce tana jin manyan suna ta wajen taga."

"Tana jin."

"Sai na bi girma. Mafi ƙanƙanta ya zama na ɗaya."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. "Ka jera min su kamar 'yan makaranta a layi."

"A idona duk iri ɗaya ne, wallahi. Na ɗauka lambar don ƙirga ce kawai, kada ɗaya ya ɓata."

"To me ya sa da na tambaye ka ka ce ɗaya bayan ɗaya? In ka ɗauka ba komai ba ne, me ya kawo ƙarya?"

Ya kalli ledar hannunsa. Can ya ce, "Da kika yi tambayar na gane akwai matsala. Amma kin ga yadda kika kalle ni ranar? Shekara guda ban taɓa samun wannan kallon ba. Na kasa."

Kun san abin haushi? Zuciyata ta so ta yi laushi. Na daka mata tsawa.

Na ce, "Kai in mutum ya zo shagonka, ka gwada idonsa na dama ka rubuta a na hagu, ka ba shi tabarau ya tafi yana karo da bango, sai ka yi shiru don ya yi maka murmushi? Sati shida kana kirana kana tambaya yaya tsintar ƙwayoyi. Ranar da sakamako ya fito har cewa ka yi kana alfahari da ni. A lokacin ma da ka faɗa, da ban ƙona kwana biyuna a banza ba."

"Na yi kuskure."

"Umma ce ta yi kuskure, don ba ta sani ba. Kai ka sani."

Ya ce zai je wajen Farfesa da kansa ya ce shi ne. Ya ce zai rufe shago ya kai ni har inda na ɗebo su, ya ɗauki jaka a kansa. Na ce ya bar min ƙofar gida tukuna, kaina ya ɗau zafi. Ya ajiye ledar a kan dakali ya shiga mota, ya daɗe bai tayar ba.

Ashe Umma tana bayan ƙofa.

"Kin kyauta. Kin tsaya a titi kina wanke mutumin da danginsa za su zo Asabar ɗin nan. Saurara ki ji, Auta. Malamin naku ya ji daɗin lambar ko bai ji ba?"

"Ya ji."

"Akwai wanda zai mutu in an bar ta haka?"

"Umma, ƙarya ce fa."

"Abin da ya faru shekara miliyan kaza, wa yake nan da zai ƙaryata ki? Ki rufe bakinki a wuce Asabar. In kika tona, sai an tambayi wa ya sauya jaka, sunan yaron nan ya shiga bakin mutane, nawa ma ya shiga. Ki ce uwarki ta wanke miki karatu a baho? Haka kike so a riƙa ba da labarina?"

A nan na ga abin da ban lura da shi ba tun farko. Idonta ya yi ja. Ba wai ba ta gane ba ne, ta gane sarai, kunya ce take cinta ta mayar da ita faɗa.

Laraba ban je ko'ina ba. Na kulle ɗaki na ce kaina ke ciwo. Yayata da ke aure a wani gari ta turo min saƙon murya na minti huɗu, Umma ta riga ta kai mata ƙara. "Auta, ke dai kin cika ɗaukar abu da zafi. Miji mai haƙuri irin wannan ba a samunsa a kasuwa. Shi dutsen zai yi jinyarki in kin kwanta? Ki karɓi digirinki ki yi aurenki, in ya so daga baya ki gyara lambar a hankali." Ban amsa ba. Mai Tabarau ya turo saƙo bakwai, na ƙarshen ya ce, "Duk abin da kika yanke ina bayanki, ko da Asabar ɗin ce za a ɗage." Na karanta sau uku na kife wayar. Farfesa shi ma ya turo nasa: "Ki zo gobe ki sa hannu. Ƙarfe huɗu ake rufe karɓar takardu."

Anti Mai Na'ura ce kaɗai ta kira ni. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Ban faɗa wa kowa ba, don bakinki ya kamata a ji. Amma ki sani, lambar nan daga ɗakina ta fito. Ba zan zauna ina kallo ta shiga duniya da sunan ɗinki ba."

Yau Alhamis na saka baƙar doguwar rigata da farin mayafi, na ɗauki rabin dutsen a jakar hannu. Umma tana goge kofuna na wuce, ta bi ni da ido.

Sai bayan azahar Farfesa ya fito daga aji. Ofishinsa cike yake da taswirori a naɗe, ga wata babba a bango da ya ja wa ɗinkin jan layi tun kafin a haife ni. Ya tarbe ni da fara'ar da ban saba gani ba, har ya ture littattafai daga kujera ya ce in zauna. Takardar tana kan tebur, sunana a sama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai matsala."

Na ajiye dutsen, na ajiye wayar, na faɗa masa komai. Ruwan sama, baho, jakunkuna shuɗaye. Ban ambaci wanda ya sauya ba, na ce a gida aka yi, kuma laifina ne da ban rubuta a jikin dutse ba. Ina magana ina kallon fuskarsa tana sauka. Ya ɗauki dutsen ya shafa farar jijiyar da babban yatsa. Na jira ya yi min faɗa. Na ma shirya kukan da zan yi.

Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna.

"Bayan ke, wa ya san wannan?"

Na ɗago na kalle shi. "Ranka ya daɗe?"

"Tambaya na yi."

"Anti ta sani."

Ya yi ɗan tsaki. "Ita aikinta kunna na'ura. Saurara, 'yata. Hoton waya ba hujja ba ne. Jijiya irin wannan tana iya fitowa a kowane dutse. Jakar da ta shiga lab an rubuta mata bakwai, a littafi bakwai ne, to bakwai ne. Ni na san wurin nan fiye da tafin hannuna. In kin koma kin ɗebo sabo, wannan lambar dai za ki samu. Wata tara kawai za ki ɓata."

"In haka ne, mu jira wata taran mana."

"Ni ba ni da wata tara. Ƙarshen shekarar nan zan ajiye aiki." Ya turo min takardar, ya ɗora biro a kai. "Sa hannu."

Masu karatu, na kalli biron nan. Na tuna gurbin karatun da aka yi min alkawari, na tuna labulen Umma, na tuna tsohon nan yana goge ido da hankici. Ba zan yi muku ƙarya ba, hannuna ya motsa. Sai na mayar da shi kan cinyata na danne da ɗayan.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ba zan iya ba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya janye takardar, ya ɗauki biron ya ja layi a kan sunana, a hankali, har sau biyu.

"Sakamakon na sashe ne, ba naki ba. Zan tura da sunana. Ke kuma ki fara neman wanda zai duba miki sauran aikin. Ɗauki dutsenki."

Na ɗauka na fito. A baranda wayata ta yi ƙara, Umma ce ta turo hoton mayafan nan biyu a shimfiɗe a gado, ta rubuta, "Wanne?" Na jefa wayar cikin jaka.

Ofishin shugaban sashe ƙofa uku ne daga na Farfesa, can na nufa in kai ƙara. Kowa ya san shugaban ɗalibin Farfesa ne, shi ya koyar da shi tun daga ajin farko, har yau in sun haɗu sai ya rusuna. Na san haka. Na tsaya a bakin ƙofar na kusa minti biyar ina jin nauyin dutsen a kafaɗata, sannan na tura na yi sallama.

Sakatariyarsa ta ɗago daga kan kwamfuta. Ban buɗe baki ba ta nuna min benci da biro.

"Ke ce ta wajen Farfesa ko? Zauna. Yanzun nan ya kira Oga a waya, suna kan magana. Oga ya ce in kin zo kada a bari ki tafi."